Makullin da Mai Shago Ke Buɗewa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Hanifa ce daga Bukan Sidi, mai yi wa amare lalle. Wayata cike take da hotunan matan mutane babu mayafi, kuma amana ce a wuyana.

Rannan na kai ta gyara, sai mai shagon ya dame ni da tallan wata manhaja ta kulle hotuna. Wai irin ta sojoji ce, wai duk duniya babu mai iya buɗe ta. Har da rantsuwa!

Na ce, "To ƙanena, in na manta lambar sirrin fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Anti, ki kawo min kawai, nan take zan buɗe miki."

Na ce, "Au, ashe kai ba a duniya kake ba?" Sai ya hau kame-kame. Na fizge wayata na fice, raina a ɓace.

Don Allah Malam, a kawo mana masani ya faɗa mana gaskiya. Ina gaida amarena na Shabu. Ku kwantar da hankalinku, hotunanku ba su kwana a shagon nan ba.