Keken da Ba Ya Tsayawa

Ina jiran faci a rumfar Kok Wai mai gyaran keke a Sungai Siput, sai ga wani dattijo Ba'indiye ya turo tsohon keke.

"Ƙararrawa nake so, wadda ta fi kowacce ƙara."

"Kai, Baba! Ku Indiyawa da son hayaniya," in ji Kok Wai.

"Hayaniya? Ka san gidan Baturen gonar roba da ke kan tudu? Duk sanda ubana zai wuce, dole ya sauka daga wannan keken, ya tura, kai a sunkuye. Ko Baturen ya tafi hutu Ingila, sai an saukar wa gidan!"

"Kakana ma ya sauka," in ji Kok Wai.

"To, ƙungiyarmu ta saye gidan, yau zai zama makarantar jikokinmu. A kan keke zan shiga, har bakin baranda."

Kok Wai ya ɗaura ƙararrawar, ya matsa birki. "Ai birkinka ya mutu, Baba. Tsaya in gyara."

Dattijon ya haye, ya kaɗa ƙararrawa.

"Bar shi, ɗana. Wa ya ce maka tsayawa zan yi?"