Ramukan da ke Ɗakin Mahaifina

Alheri da salama su tabbata a gare ku, ƴanʼuwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu!

Da yawanku kun tuna na taɓa tsayawa a wannan majamiʼa ta Tasawa na shaida cewa na warke. Yau na sake tsayawa, domin bayan waccan shaidar ciwon ya dawo, kuma a nan ne na ga ikon Ubangiji.

Da na kammala jamiʼa, na koma ƙauyenmu kusa da Kona, na tare a ɗakin marigayi mahaifina, ɗakin ƙasa da ya gina da hannunsa. A cikinsa masassara ta ɗauke shi. Ban daɗe ba ni ma ta kama ni: ta yi kwanaki tana gasa ni, ta sake ni, sannan ta komo. Na sha maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, har na gaji, awo kuwa yana nuna ba shi ba ne.

Majo, babban maʼaikacin jinya na likita, wato asibitin da aka kai ni, ya ce yana zaton masassarar cizon kaska ce, ya ba ni antibiyotik. Na shanye shi har ƙwaya ta ƙarshe, na miƙe garau. Muka cire wa awakinmu kaska tas, muka mayar da turkensu bayan gida. Na zo nan na yi godiya.

Bayan girbi, sai ga masassara, irin ta dā!

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce wa Inna, mahaifiyata, “Ke, buɗe idonki! Abin da ya ci uban ne ya dawo wa ɗan. Maganin nasara ya gwada ya kasa, adduʼarku ma ta gwada. A rushe ɗakin nan, a kai yaron wurin masu magani.”

Ni kaina, ƴanʼuwa, na fara gaskatawa cewa a ɗakin zan ƙare kamar mahaifina. Kunya ta hana ni aika wa Fasto.

Wata rana da laʼasar na rarrafo daga tabarma, na kifa goshina a ƙasa, na ce, “Ya Ubangiji, na shaida sunanka a gaban jamaʼa. Kada ka bar Inna ta binne mutum biyu daga ɗaki ɗaya. Nuna mini maƙiyina.”

Da na buɗe ido, fuskata tana daidai gindin bango. Ramukan ɓeraye ne a jere, da ƙaiƙayin gero a bakinsu. Na sa cokali na ɗebo rairayin ciki na baza, sai ga waɗansu ƙananan halittu masu launin ƙasa suna motsi. Haleluya!

Na zuba su a kwalin ashana, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa wurin Majo, jikina yana karkarwa. Majo ya duba, ya tafa hannu ya ce, “Malam, ka kama ɓarawonka! Wannan kaskar ba ta zama jikin dabba. A ramin ɓera take, ta cije ka kana barci, ta koma. Magani bai kasa ba, ka warke sarai. Sabon cizo ne, sabon ciwo.”

Ku ji fa, ƴanʼuwa! Shaidata ta farko ba ƙarya ba ce!

Na sake shan maganin har ƙarshensa. Matasan ikilisiyar nan suka kawo siminti a amalanke, muka toshe ramukan, muka daɓe ƙasan, muka fitar da dammunan gero. Gado nake kwana a kai yanzu. Damina ta zo ta wuce, ko ciwon kai ban yi ba.

Ranar da simintin ya bushe, Inna ta shigo ta daɗe tana kallon gindin bangon, sannan ta ce, “Ashe abin da ya raba ni da mahaifinka bai kai ƙwayar wake ba. Kai kuwa, ɗan nan, Allah ya bar mini kai.”

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Wanda ciwonsa ya dawo, kada ya ce Allah ya janye hannunsa. Ku durƙusa, ku koma likita, ku dogara gare shi. Ɗakin mahaifina yana nan tsaye, kuma a cikinsa muke adduʼar safiya, ni da Inna. Amin!