Eriyar Jirgin Abdulbaƙi

Assalamu alaikum. Malam Liman, dattawan unguwa, Alhaji Jumare shugaban ƙungiyarmu, Hajiya Furera uwar marayu, Surayya 'yar marigayi, da sauran jama'a, Allah ya ba mu haƙuri.

An ce in faɗi alheri in zauna. Zan faɗi alherin, amma zaman sai na gama.

Abdulbaƙi ya kasance mai gyaran rediyo a nan Agege, mai ƙera ƙananan jiragen da ake tuƙawa da rimot. Ya kasance ba ya tada jirgi sai ya ajiye shi a fili ya yi ta ja da baya da rimot, yana duba inda zai daina amsawa. 'Yan okada na yi masa tsiya: "Oga, Kano za ka da baya?" Ya kasance yana ce mana, "Eriya biyu ce, ɗaya tsaye ɗaya kwance, nesa da batir. Kada a rufe ta da ƙarfe. Jirgin da ba ya ji ba naka ba ne."

Ranar bikin ƙungiya aka naɗe jirginsa da takardar ƙyalli mai ƙarfe-ƙarfe, don sunan ƙungiya ya fito a hoto. Ya ce ta rufe eriya, a bari ya gwada. Aka ce, "Malam, babban baƙo na sauri, tada kawai!" Ina wurin. Da yawanku kuna wurin.

Jirgi na tsallake titin dogo ya daina ji. Ya faɗa cikin shanun da ake korawa mayankar Oko-Oba, sa ya ɓalle, ya karya wa Gambo mai ɗaukar nama ƙafa. Washegari ƙungiya ta ce gangancin Abdulbaƙi ne, ta kulle masa filin tada jirgi. Muka yi shiru. Kullum Abdulbaƙi ke kai wa Gambo abinci, har shi Abdulbaƙin ya kwanta ciwon ajali.

Hajiya, mijinki bai yi ganganci ba. Surayya, hannun ubanki ne da ke wajen ƙera jirgi, kuma har yau ƙofar filin a kulle take gare ki.

Alhaji Jumare, ga jirgin nan a kan tebur, da takardarsa. Ni na tsufa, na daina sa rai da mutane. Amma yarinyar nan tana kallonka. Taso ka ɓare takardar da hannunka, ka ajiye mabuɗin filin a gefe.

Na gode. Allah ya jiƙan Abdulbaƙi, ya haskaka kabarinsa, ya raya bayansa. Malam Liman, a dakata da Fatiha tukuna. Muna jiran Alhaji.