A-kori-kurata Ba Ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Malam Haladu Direba na Agege, kuma da hannuna na rubuta wannan takarda, domin bana na kammala karatun manya.

Ina da tsohuwar a-kori-kura wadda, ban da dakon albasa, ita ce ke kai mamatan unguwarmu maƙabarta. Ranar Laraba ta mace mana a hanya da gawar maƙwabcina a baya, sai a kafaɗa aka ƙarasa da makara. Na ji kunya ƙwarai.

Da muka dawo, babban ɗana Sabi'u ya ce, "Baba, ka sayar wa 'yan gwangwan mu sayi ƙaramar bas. Kowa dariya yake mana."

Na ce, "To, oga, makara za ta shiga bas ɗin taka? Ko lanƙwasa mamacin za mu yi?"

Saboda haka ina sanar da jama'a cewa ba zan sayar ba, inji zan sauya mata. Shawara ɗaya nake nema: wa ya san bakaniken kirki a wajen Iyana Ipaja? A gyara ta da kyau, domin da ita za a kai ni, kuma ba na so a sauke ni a hanya.