Abin da Sharfaddeen Ya Gani a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Da sunan Allah Mai rahama. Ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu, baƙinmu na jami'a, Inna Hansai mahaifiyar marigayi, Malama Ramlat da ke jin mu daga ɗakin takaba, jama'ar Zakka da Batsari, Allah Ya ba mu haƙuri.

Sunana Tayyib, tare muka yi firamare da Dakta Sharfaddeen. Ranar da muka ji aikinsa a jami'a kiwon ɓeraye ne, mun sha dariya, mu da muke farautarsu a rumbu. Bai ji haushi ba. Ya bayyana mana cewa idan aka raba jaririn ɓera da uwarsa, aka yawaita firgita shi, sinadaran ƙwaƙwalwarsa sukan sauya tun tana ɗanya. In ya girma, a nuna masa hanyar abinci yau, gobe ya manta.

Ya kasance mai haƙuri da jahilcinmu. Ya kasance mai gudun faɗin abin da bai tabbatar ba, kullum yana ja mana kunne cewa ɓera ba mutum ba ne.

Bara ya shigo ajina a Batsari, inda nake koyar da yaran da aka haifa ana gudun 'yan bindiga. Ya ga Rashida, wadda tun farkon zango nake koya mata baƙi ɗaya, baƙin ya ƙi zama a kanta. Iska ta buga ƙofa, yarinyar ta shige ƙarƙashin benci. Da muka fito ya ce, "Tayyib, ina roƙon Allah Ya sa bincikena kuskure ne."

Daga nan duk hutu sai ya zo yana zama da malamai da iyaye mata a kan yadda za a kwantar wa yaran nan hankali. A hanyar wannan aiki aka tare shi, tsakanin Safana da Zakka, aka kashe shi.

Na taɓa tambayarsa ko abin da tsoro ya ɓata yana gyaruwa. Ya ce da sauran bincike, in ba shi lokaci. Inna, ku yafe mini, ba ni da kalmar lallashi. Kun rasa ɗa, mu kuma ajinmu cike yake, ba mu san wa za mu tambaya ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Sharfaddeen, Ya raya marayunsa, Ya dubi yaranmu, don dabararmu ta ƙare. Amin.