Kumburin Idon Inna

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Ni ɗan kasuwa ne a Filinge, da gumina na kafa kaina.

Shekarar babban fari na dawo daga Baleyara, na tarar ƙasan idanun Innata ya cika. Na ce, "Inna, kin yi ƙiba!" Wata tsohuwa 'yar bori ta ce, "Yaro, mai cin 'ya'yan anza da dusa ba ya ƙiba. Kabari ne ke sallama." Inna ba ta ga damina ba.

Yau nama nake ci, amma kowace safiya kumburarrun idanun nan nake gani a fuskata a madubi. Lokotoro, wato likita, ya ce in rage gishiri. Na rage, kumburin bai sauka ba.

Jama'a, ku gaya mini: gishiri ne, ko Inna ke kirana?