Mujiyar da Muka Kora daga Rufin Aji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Badarawa. A zangon da ya wuce na koya wa ɗalibaina yadda halittu ke dogara da juna wajen abinci. Na zana musu a kwali: ɓera yana cin hatsi, mujiya tana cin ɓera. Na ce idan aka cire ɗaya, sauran za su ji a jikinsu. Suka kwafa, na liƙa kwalin a bango.

To, akwai wata mujiya da ta daɗe a rufin ajinmu. Iyaye suka yi ta ƙorafi, wai mugun tsuntsu ne, ba a barinsa kusa da yara. Ni ma haka na taso ina ji, don haka da hannuna na rubuta takardar neman a kore ta. Aka kore ta, aka toshe ramin.

Da muka dawo daga hutu, sai muka tarar ɓeraye sun cinye littattafan da ke kabad, har da rabin kwalin nan. Wata ɗaliba, Rukayya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba wannan ne kika koya mana ba?" Na ce shi ne.

Yanzu shugabar makaranta ta ce a sa guba. Amma kyanwar maigadi tana cin ɓerayen nan, kuma ɗalibai sun riga sun tambaye ni abin da zai same ta.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Wanda kuma ya san yadda ake ba mujiya haƙuri ta dawo, ina saurare.